Ranar da tankinmu ya ƙafe

Talata, Jidda.

Da asuba na murɗa famfo zan yi alwala, sai ya yi mini tari, ko ɗigo babu. Na haska tankin ƙasa da fitilar waya, siminti kawai nake gani. Ranar da ake sako wa unguwarmu ruwa kuma ba ta zagayo ba. Da ruwan gora na yi alwala, ina yi ina lissafin kuɗinsa.

Na nemi wayit, wato tankar ruwa a bakin mutanen nan, aka ce sai bayan la'asar.

Inna ta ji ina mita, ta ce, "Kai yaro, mota za ta kawo maka har ƙofa kake ƙorafi?" Mahaifinta ɗan garuwa ne a garin nan, saƙƙa suke cewa, garwa biyu a sanda yana hawa benayen tsohuwar Jidda. Ta sake ba ni labarin kindasa, injin kwal da ke dafa ruwan teku a da, tun zamanin Turkawa, da murnar da aka yi a 1947 da Sarki Abdul'aziz ya jawo ruwan marmaro na Ainul Aziziyya daga kwarin Wadi Faɗima. Na ji shi ya fi sau hamsin, yau ne dai ya shige ni.

Har gobe teku muke sha. Gari mai mutum kusan miliyan huɗu, babu kogi ko ɗaya. Ruwan Bahar Maliya ake tacewa, kamar a Shu'aiba da ke kudu da mu, wadda ke shayar da Makka da Ɗa'ifa ma. Ko a dafa shi a tari tururin, ko a matsa shi da ƙarfi ta matata mai hana gishiri wucewa. Yakan fito salam, sai an mayar masa da sinadarin farar ƙasa, a sa kulorin, kafin ya shiga bututu.

Duk wannan ɗawainiya, ya zo ya faɗa tankinmu da ya shekara uku ba a wanke ba! Kunya ta kama ni. Tunda ya bushe, na kira Sani ƙanena muka shiga da tsintsiya da bokiti. Laka muka kwaso, da silifas ɗin yaro ƙafa ɗaya.

Wayit bai iso ba sai gab da magariba. Inna ce ta fara cika butarta.