Yau Aka Buɗe Dashen Auta

Laraba, kwana na 5 da yin aikin dashen fata a hannun Auta da ya ƙone. Jiya ban runtsa ba, don na san yau za a buɗe hannun.

Da asuba na auna zafin jikinta, 37.2, na rubuta a ɗan littafina. Sista ta ce in ya kai 38 in taso ta ko tsakar dare ne. Na yanke wa Auta farce kuma, saboda ƙaiƙayi ya fara, kuma cikin barci ba ta sanin lokacin da take kai hannu.

Wajen ƙarfe tara Gwaggo ta iso daga ƙauye da ƙullin gashin zomo a bakin zani. Tun daga ƙofa take kuka, ta nufi gado kai tsaye za ta ɗaga bandejin ta gani. Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba. Na ce, "Gwaggo, ku yi mini aikin gafara, likita ya hana a taɓa." Ta dube ni ta ce, "Ke da ƙunar ƙafarki da me na warkar da ke?" Gaskiyarta ce, tabon yana nan. Amma tawa garwashi ne ya ɗan lashe ni. Ta Auta man suyar awara ne ya cinye fatar daga gwiwar hannu har wuyan hannu, sai da aka yanko wata daga cinyarta aka shimfiɗa. Gwaggo ta fita ranta a ɓace. Na zauna zuciyata na suya, don ita ta goye ni.

Abin da likita ya bayyana mini ne ya ba ni ƙarfin hali. Ya ce fatar da aka dasa ba ta zo da jininta ba. Kwana biyun farko ruwan naman da ke ƙarƙashinta take tsotsa, sannan ƙananan jijiyoyin jini su tsiro su shige ta. In ta goga, ko jini ya taru a ƙasanta, ko ƙwayoyin cuta suka shiga, sai ta ruɓe ta faɗi, a koma ɗakin tiyata. Shi ya sa aka ɗaure hannun a jikin katako.

Da azahar aka buɗe. Sista ta wanke hannu, ta sa safar hannu da takunkumi, ni ma ta ba ni. Ta jiƙa auduga da ruwan gishirin asibiti tana ɗagawa a hankali, kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Fatar kamar raga take, da 'yan huji-huji don ruwa ya riƙa fita. Ta yi ja-ja mai kyau, ta manne. Likita ya ce, "Ya kama." Alhamdulillahi. Sai dai a gefe ɗaya, wuri kamar faɗin farcen babban yatsa, ya yi rawaya-rawaya yana tsatstsafo. Ya dangwali ruwan aka kai gwaji, ya ce ba zai canza magani ba sai sakamako ya fito, nan da kwana 2 ko 3. Ya ce in sa ido: mugunya, wari, kumburi, zafi mai ƙaruwa, musamman in bandeji ya yi kore. Akwai ƙwayar cutar da ke sa wannan koren, danshi take so, bakin famfo da gindin bokiti. Don haka ko wanka, sai dai in goge mata jiki da tsumma.

Cinyar ta fi damunta da raɗaɗi, amma an ce ba za a taɓa wannan bandejin ba, kusan mako biyu zai yi ya warke da kansa.

Ta ci ƙwai biyu da alala, ta sha kindirmo. Ina matsa mata, don an ce jikin mai ƙuna yana cin abinci mai gina jiki fiye da kima. Gidan sauro kuwa ko da rana a sake yake saboda ƙuda.

Bayan magariba Gwaggo ta dawo. Ba ta ce mini komai ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta zauna nesa da gado, ta yi addu'a ta tofa a tafinta ta shafa a fuskarta. Auta ta ce, "Gwaggo, ku matso mana." Ta ce, "A'a, 'yar nan, sai kin warke."

Yanzu ƙarfe goma, 37.4. Bandeji fari tas.