Jitar bes mai araha: inda ya kamata kuɗin gyara ya fara shiga

Jitar bes da na harhaɗa tana cikin waɗanda Harley Benton, wato tambarin kamfanin Thomann na ƙasar Jamus, ke sayarwa a warwatse cikin kwali, kuma an kwaikwayi siffarta ne daga Precision Bass, wadda Leo Fender ya fitar a 1951. Abin da mutum zai tarar a ciki shi ne gangar jiki da ba a yi wa fenti ba, da wuya wanda an riga an kafa masa ƙarafan firet (siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuya, inda ake danne tsirkiya), da maɗauran tsirkiya huɗu, da jakin ƙarfe, da maganaɗisun ɗaukar sauti tare da wayoyinsa. Haɗa su ba wani aiki ba ne, domin sukurori huɗu ne kawai ke riƙe wuya da gangar jiki, kuma duk wanda ya iya riƙe sukundireba zai gama da wuri.

Kafin haɗawar sai an bi katakon da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan a shafa masa mai. Na zaɓi Tru-Oil, wanda asali don katakon bindiga aka yi shi, saboda tsumma kawai yake buƙata, ba sai da injin feshi ba.

Da zarar an haɗa, yawancin mutane sukan garzaya sayen sabon maganaɗisu, irin su Quarter Pound na Seymour Duncan, alhali kuɗinsa ya kusa kai na jitar gaba ɗayanta. A ganina wannan gaggawa ce, domin abin da ke raba jita mai daɗin kaɗawa da wadda za a jingine a lungu yana wuya ne, kuma gyaransa haƙuri yake ci fiye da kuɗi. Tsawon tsirkiya daga sama zuwa jaki inci 34 ne, kuma tsirkiyoyin huɗu idan an ɗaure su daidai suna jan wuyan da ƙarfin da ya wuce kilo 70. Abin da ke hana shi lanƙwashewa shi ne sandar ƙarfe da aka binne a cikinsa, wadda ake juyawa da alanki. Ana danne tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe, a duba ratar da ta rage a tsakiya, wadda ya kamata ta kasance kusan milimita 0.3, kamar kaurin katin gaisuwa. Idan ta yi yawa a ɗaure sandar, idan babu ita a sassauta, amma kada juyi ya wuce rubu'i a lokaci guda, kuma a bar katakon ya zauna kafin a ƙara.

Sai a koma kan firet ɗin kansu, waɗanda a jita mai araha da wuya a same su duka a tsayi ɗaya. Guda ɗaya da ya ɗara 'yan'uwansa ya isa ya sa tsirkiya ƙararrawa a wurin, ya tilasta wa mutum ɗaga jaki sama har yatsu su riƙa ciwo. Ana gano shi da ɗan miƙaƙƙen ƙarfe da zai hau firet uku, wanda zai yi rawa idan na tsakiya ya fi tsayi, sannan a goge shi a hankali. Mu da muke zaune inda hunturu ke busar da komai muna da ƙarin aiki, domin katako yana tsukewa idan iska ta bushe amma ƙarfe ba ya bin sa, sai bakin firet ya leƙo ta gefe yana yankan hannu. Ɗan magagari mai laushi yana maganin wannan, kuma gara a yi gyaran a tsakiyar hunturun, lokacin da katakon ya gama tsukewa.

Bayan haka ne ake saita tsayin tsirkiya a jaki, kusan milimita 2.4 a firet na 17, sannan a matsa sirdin kowace tsirkiya, wato ɗan ƙarfen da take hawa a kan jaki, gaba ko baya har sautin firet na 12 ya yi daidai da na tsirkiyar a sake. Tsirkiyoyin da suka zo a kwalin kuwa ban ga amfanin ajiye su ba. Sababbi masu kaurin inci .045 zuwa .105 sun canja muryar jitar fiye da kowane abu da na saya mata.

A ɓangaren lantarki, abin da ya cancanci wahala shi ne kashe gurnanin da ke fitowa daga amfilifaya. Maganaɗisu mai rabi biyu, wanda Fender ya fara sa wa Precision a 1957, an tsara shi ne don ya rage wannan gurnani da kansa, saboda haka idan ya ci gaba, sai a duba wayar da ke tafiya ƙarƙashin jaki ko tana taɓa ƙarfe sosai, sannan a shimfiɗa tef ɗin jan ƙarfe a cikin ramin wayoyi. Maɓallan ƙara da na murya masu 250k da kafasita mai 0.047 ba su da tsada, sai dai canja su yana buƙatar iya liƙa waya da dalma, wanda kowane mai gyaran rediyo zai yi cikin 'yan mintoci. Maganaɗisun da ya zo da jitar har yanzu shi ne a jikin tawa, kuma kuɗin da na tanada don canja shi na ƙara su ne a kan na amfilifaya.