Na zo Ingila na ƙare a tankaɗen laka

Duk sanda Inna ta kira ni a WhatsApp tambayarta ɗaya ce, wai har yanzu kana wajen fankokin nan? Fankokin da take nufi su ne manyan injinan nan da ke tsakiyar teku masu samar da wutar lantarki da iska. Sai in ce eh Inna ina nan, don na gaji da bayani, ita a ganinta ni ke hawa sama ina gyara fanka, har addu'a take min kar in faɗo. Alhali ni ko taɓa ƙarfen ban taɓa yi ba, aikina yana ƙasa can ƙarƙashin ruwa, yashi da taɓo nake bi.

Ni ɗan Gashuwa ne, ilimin duwatsu da ƙasa na karanta a gida, na zo nan na ƙara digiri na biyu, da na gama sai Allah ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani mai auna ƙasan teku, shi ne na tattara na koma Grimsby. Garin nan a bakin kogin Humber yake, da can garin masunta ne na ji da gani, kamun kifin ya mutu, yanzu tashar jirgin ta cika da jiragen masu kula da injinan wutar iska. Ranar da na sauka ruwa ake yi irin yayyafin nan da ba ya tsayawa, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi kamar bayan isha'i, ɗakin da na kama kuma hita sai an sa kuɗi a mita, wallahi daren farko da rigar sanyi biyu da safa na kwanta ina tambayar kaina wa ya aike ni.

Kafin in zo ban taɓa ganin teku da idona ba, babban ruwan da na sani shi ne kogin Yobe in ya kawo da damina. To fitata ta farko kwana uku na yi ina amai, jiri kamar an ɗaura ni a lilo, ko ruwan shayi ba ya zama. Wani dattijon Bature da ke aikin kan jirgin, tsohon masunci ne, shi ya riƙa turo min busasshen biskit yana cewa in fita waje in kalli inda sama ta haɗu da ruwa kar in kwanta a ɗaki. Ya yi gaskiya. Shi kuma Turancinsa na mutanen yankin sai da na yi wata biyu kafin in fara kama rabin abin da yake faɗa, da fari murmushi kawai nake ina gyaɗa kai.

Ranar da na fara ganin fankokin kusa na yi shiru. Filin fankoki na Hornsea ta ɗaya kaɗai injina 174 ne, kusan kilomita 120 daga gaɓa, wutar da take bayarwa ta kai gigawat 1.2, ta biyun kuma injina 165 aka kammala ta a 2022. Duk inda ka juya fararen ƙarafa ne a jere har iya ganinka, ni da na taso ana ɗauke wuta ana kawowa sai na tsaya ina lissafin garuruwa nawa wannan zai haska a wajenmu, abin dai ba daɗin tunani.

To ga abin da ya kai mu wurin. Kowace fanka a kan wani ƙaton bututun ƙarfe take, faɗinsa kusan mita 8, an buga shi cikin ƙasan teku kamar turke. Shi kuma ruwan nan ba a tsaye yake ba, sau biyu a rana yake cikowa ya janye, in ya zo ya tarar da turke a hanyarsa sai ya kewaye shi da ƙarfi yana murɗawa a gindi, yana kwashe yashin wurin kaɗan kaɗan har ya haƙa rami. Duk wanda ya taɓa leƙa gindin ƙafar gada bayan damina ya ga yadda ruwa ya rarake wurin to ya gane, abu ɗaya ne sai dai na nan ya fi girma, a wuri mai yashi zurfin ramin kan iya wuce faɗin bututun kansa. Shi ya sa ake zuba duwatsu a kewaye gindin, amma ruwa ba ya haƙura, sai ya koma gefen duwatsun ya ci gaba da ci daga can. A filin fankoki na Scroby Sands kusa da garin Great Yarmouth, wanda ke cikin na farko farko da aka gina tun 2004, an ga irin ramukan nan sosai, daga nan aka koyi darasi da yawa.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne tuddan yashi. Ashe a ƙasan tekun nan akwai rairayi tudu tudu kuma tafiya suke yi, sak irin tuddan Yusufari da iska ke turawa suna cinye gonaki, sai dai nan ruwa ne ke turawa. Ranar da na fara ganinsu a kwamfuta sai da na yi dariya ni kaɗai, na baro hamada na zo tsakiyar ruwa na same ta tana jirana. Kuma matsalar da suke kawowa ba ƙarama ba ce, kebul ɗin da ke ɗauko wuta zuwa gaɓa binne shi ake yi, in tudu ya matsa sai ka ga kebul ya fito fili ko ma yana rataye ba abin da ya tokare shi, anga ko ragar masunta na iya kama shi, gyaran kuma kuɗi ne masu ciwo.

Yadda muke dubawa kashi biyu ne. Akwai na'urar da ke manne a ƙasan jirgi tana aika sauti ƙasa kamar buɗaɗɗen mafici, amon ya dawo ta lissafa zurfi, jirgin yana tafiya layi layi kamar mai huɗa, gaba da baya har a gama filin. Daga nan taswira ke fitowa kala kala, a ɗora ta bana a kan ta bara a ga inda yashi ya tafi da inda ya taru. Wannan aikin masu zama a ɗaki ne da kofin shayi. Nawa shi ne na waje, akwai wani ƙarfe mai baki biyu da ake saukarwa da igiyar winci, in ya taɓa ƙasa sai ya datse ya ɗebo abin da ke wurin, faɗin abin da yake cizowa kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita ne kawai. In ya hau sai in ɗauki hoto, in ɗebi kaɗan a leda don auna girman ƙwayoyin, sauran in wanke a rariya mai ido milimita 1, tsutsotsi da ƙananan kaguwa da kwanson da suka rage a zuba a bokiti da magani a kai ɗakin gwaji. Awa 12 ake yi a tsaye, hannu ya sandare cikin safar roba. Wani lokacin dutse ɗaya zai maƙale a bakin ƙarfen komai ya zube a hanya, a sake saukarwa, in an yi sau uku ba a dace ba a matsa gaba. Ina cikin tankaɗen nan nake tuna yayata da rariyar garin tuwo, da ta gan ni da ta yi min tsiya har gobe.

Sau ɗaya na yi kwaɓa, cikin dare ga gajiya na musanya lambar bokiti biyu, sai da safe aka gano, dole jirgi ya koma wuraren aka sake ɗiba. Ba wanda ya ɗaga min murya, shugabar aikin ta kira ni ta ce mu rubuta yadda abin ya faru, ni kuwa da ma zagi na aka yi da ya fi min sauƙi, kwana biyu ban iya haɗa ido da kowa ba.

Duk wannan ba don kamfanonin sun ga dama ba ne, sharaɗin lasisi ne, hukumar MMO mai ba da izinin aiki a tekun Ingila tana neman a auna kafin gini da bayan gini, masanan Cefas, cibiyar binciken teku ta gwamnati da ke Lowestoft, su ba ta shawara a kan rahoton. Har daga sama ma ana gani, hotunan tauraron Landsat 8 sun nuna jelar ruwa mai laka a bayan kowace fanka a filayen fankoki na Thanet da London Array, doguwa ta kai kilomitoci tana juyawa da juyawar ruwa. Su kuma 'yan Beljiyam da suka daɗe suna bin nasu filayen sun ga ƙasar da ke dab da wasu turakun tana ƙara laushi da taki, saboda halittun kwanso da ke manne wa ƙarfen suna tace ruwa suna zubar da kashinsu ƙasa. Ni dai a nawa ganin canjin yana nan ba ƙarya, amma mafi yawansa a kusa da gindin yake, abin da ke damuna shi ne yawan filayen da ake ta ƙarawa, cizon ƙarfenmu ɗan mitsitsi ne a kan wannan faɗin.

Sallah a jirgi ma wani karatu ne, ka daidaita alƙibla ka kabbara jirgin ya juya layi, na tambayi limaminmu na gari ya ce in fuskanta a farko in ci gaba. Mai girkin jirgin yanzu ya san ni, kifi yake aje min ranar da aka yi naman alade, ni kuma na koya masa yaji, yanzu shi ke tambayata in kawo.

Jiya Inna ta sake kira, na ce mata jibi za mu fita sati biyu, ta ce to ka riƙe ƙarfen da kyau, na ce to Inna.