Wa ya ce ku taɓa min wajen ajiye kayan aiki?

Ranar Litinin ɗin da ta wuce saura kaɗan in rotsa maus ɗina da bango wallahi, kuma ba wuta aka ɗauke ba, ba netwok ne ya tsaya ba, ba kuma kwastoma ne ya ce zai dawo ya biya ba, waɗannan duk mun saba da su har sun zama 'yan gida. Manhajar da nake buɗe PDF da ita ce muka rabu lafiya ranar Asabar da daddare, na zo da safe na tarar ta yi afdet da kanta ta fito min da wata fuska da ban taɓa gani ba.

Ga wanda bai sanni ba, ɗan shagon buga takardu gare ni a Tudun Wadar Kaduna, ba nisa da Poli, kwamfuta uku, firinta biyu, injin fotokofi ɗaya da ya girmi yaron shagona, sai janareta a bayan shago. Yawancin masu zuwa wajena ɗalibai ne masu furojet, sai masu neman aiki da ke son a haɗa musu takardun makaranta su zama fayil ɗaya, sai 'yan kwangila da takardunsu masu shafi ɗari da wani abu. Kusan rabin aikina a cikin PDF yake, haɗa wannan da wancan, cire shafi, juya wanda aka yi wa sikanin a kife, rage nauyin fayil saboda shafin da za a ɗora shi ya ce kar ya wuce kaza.

Toh da safen nan wata baiwar Allah ta shigo da filash ɗinta, malamar firamare ce da ke ƙaro karatu, babi biyar na furojet ɗinta kowanne a fayil daban, tana so a haɗe su, a cire wani farin shafi da ya shiga tsakanin babi na uku da na huɗu, a buga kofi huɗu a kai wajen ɗinki, kuma ƙarfe goma sha ɗaya malamin da ke duba aikin nata zai bar ofis. Aikin da a da ko minti uku ba ya ɗaukata, ina yi ina hira ina amsa waya. Na buɗe, hannuna ya tafi gefen hagu inda ƙananan hotunan shafuka suke zama tun da na san manhajar nan, sai na tarar da wani dogon jerin kayan aiki a wajen, na koma dama inda kayan aikin suke a da, wai can aka mayar da shafukan, kuma ba a buɗe ba, sai ka nemo wata 'yar alama ƙarama ka danna. Layin sama da ke da File da Edit da View babu shi kwata-kwata, an tattara an cusa a ƙarƙashin wasu layuka uku a kusurwa. Wajen da nake rubuta lambar shafi in tsallaka kai tsaye ya sauko can ƙasa gefen dama. Ga kuma wani ɗan sanda na kayan rubutu yana shawagi a kan takardar ya rufe farkon layukan babi na ɗaya.

Ta tsaya a bayana tana kallon sikirin, can tace "Malam lafiya dai ko, ko filash ɗin ne ya lalace?" Nace "A'a Hajiya, filash ɗinki ƙalau yake, ni ne na ɓata a cikin gidana." Ta yi dariya amma ido na kan agogo. Janareta kuma na ta ruri a baya, kuma tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, duk mai shago a garin nan ya koyi jin ƙarar janareta kamar ƙarar kuɗi na zuba a kwata. Minti kusan ashirin na kwashe kafin in gama abun minti uku, har na goge shafin da ba shi ba sau ɗaya, Allah ya taimaka Ctrl da Z, maɓallan da ke dawo da abun da ka goge, suna nan inda na bar su.

Abun da nake so masu zana waɗannan abubuwan su gane, in ma akwai mai jin Hausa a cikinsu, shi ne mu ba da ido muke aiki ba, da hannu muke yi. Wanda ya shekara goma yana danna abu ɗaya sau hamsin a rana ya daina karanta abun da aka rubuta a kan maɓallin tuntuni, hannun ne ya haddace nisan, kamar yadda mai shayi yake miƙa hannu ya ɗauko gwangwanin madara yana kallon titi, ko tela ya laluba almakashi ba tare da ya ɗaga kai daga keke ba. Ka je ka sauya wa mai shayi wajen sukari da wajen gishiri cikin dare kace ai yanzu teburin ya fi kyan gani, ka tsaya ka ga abun da zai biyo baya da safe. Ni ko matata ban isa in shiga kicin in mayar mata da ludayi inda muciya take ba, ko da kuwa tsarina ya fi nata ma'ana.

Kuma fa ba yau aka fara ba. Masu shekaruna a harkar nan za su tuna lokacin da Microsoft ta fito da Office 2007, ta cire tsohon jerin manu ta kawo faffaɗan layin nan da suke kira ribbon, duniya ta ɗauki ƙorafi har wasu ƙananan kamfanoni suka samu kasuwa suna sayar da 'yar manhajar da ke dawo wa mutane da tsohon manu. A 2012 Windows 8 ta zo babu maɓallin Start, mutane suka yi ca, a 2013 aka dawo da maɓallin a 8.1, a 2015 Windows 10 ta dawo da manu ɗin. Wato wani lokaci surutun jama'a yana aiki, wani lokaci kuma ba ya yi, don ribbon ɗin yana nan har gobe kuma gaskiya yanzu in aka cire shi ni ne zan fara ihu. Wannan na yarda da shi, ba zan ɓoye ba.

Su layuka ukun nan ma da aka ɓoye min komai a ƙarƙashinsu, ashe tsofaffi ne, wani mai zane Norm Cox ne ya zana su don kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981, sai da wayoyin shafa suka zo aka tono su saboda fuskar waya ƙarama ce babu wajen jera manu. A waya na gane hikimar. Amma ni sikirin ɗin da ke gabana inci ashirin da biyu ne, fili har ya yi yawa, me ya sa za a ɓoye min abun da dannawa ɗaya ke kai ni a da, yanzu sai biyu ko uku? Ƙarin dannawa ɗaya ba komai ba ne a wajen wanda ke buɗe takarda sau biyu a sati, amma ka ninka shi da yawan fayilolin da ke bi ta hannuna a satin da ɗalibai ke kare furojet.

Sannan abun da ya fi ci min rai, na lura abubuwan da aka turo gaba, waɗanda suke manya da launi, yawancinsu waɗanda sai ka biya ne. Ka danna bisa kuskure sai taga ta buɗe tana ce maka ka gwada kyauta na kwana kaza ka saka lambar kati. Ga wani maɓalli a sama yana ta kira in zo ya taƙaita min takarda da basirarsa ta na'ura. Ni ban zo taƙaita furojet ɗin Hajiya ba, bugawa zan yi. Kuma kuɗin nan haya ce ta wata-wata da ake lissafawa da dala, kowa kuwa ya san abun da ya samu naira tun tsakiyar 2023. Shi ya sa ban yarda duka don sauƙina aka yi gyaran nan ba, wani ɓangaren gyaran shago ne irin na ɗan kasuwa, a jera mai tsada a bakin ƙofa a kai wanda kowa ke nema can ƙurya.

Da ma gyaran ya taɓa inda ke mana ƙaiƙayi ne da sai in yi shiru. Duk mai buga Hausa ya san bala'in gyara PDF mai ƙ da ɗ da ɓ. Ita PDF ba kamar fayil ɗin Word ba ce da rubutu ke gudana, kowane harafi an dasa shi ne a wajensa kamar an buga a takarda, kuma sau da yawa haruffan da aka yi amfani da su kaɗai ake kunsawa a cikin fayil ɗin, ba duka salon rubutun ba. Toh kana zuwa gyara kalma ɗaya, kace za ka saka ƙ a inda babu ita, sai ka ga ɗan akwati ko ta fito da wani salo daban kamar baƙuwa a gidan biki. Takardar da aka yi wa sikanin kuma in ka ce na'ura ta karanto rubutun, ɗ ta koma d, ƙ ta koma k ko wani shirme, ƙasa ta zama kasa. Shekara nawa muna fama da wannan, babu wanda ya waiwaye mu, amma an samu lokacin ɗauke shafuka daga hagu a kai dama.

Ko aikin titunan garin nan da aka yi, sabuwar gadar Kawo da hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Leventis da aka buɗe a farkon 2022, ai wata da watanni muna ganin katafila, an kafa allo, an nuna mana ta inda za mu zagaya, mun yi mita mun gaji kafin a gama. Wannan kuwa sai kawai ka wayi gari.

Yaron shagona, wanda bai fi wata biyar da fara koyo ba, dariya ma yake min. Yace "Oga ni wallahi wannan ya fi min sauƙi, komai ga sunansa a rubuce a gefe, wancan sai na yi ta tambayarka." Ya ƙara da wai sabo turken wawa, a shagona, da bakinsa. Na harare shi amma na san akwai gaskiya a maganarsa, shi bai da abun da zai manta, ni ke da shi. Kuma daga baya shi ne ya tono min cewa a cikin layuka ukun nan akwai wajen da za ka kashe sabuwar fuskar ka koma tsohuwa, manhajar ta rufe ta sake buɗewa. Na danna, komai ya dawo mazauninsa, har wata ajiyar zuciya na yi kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Kafin ta rufe sai da ta tambaye ni dalilin da ya sa nake son komawa, na rubuta musu da Hausa, ba zan maimaita a nan ba.

Sai dai hankalina bai kwanta ba, don wanda ya ba ka ƙofar komawa yau zai iya toshe ta a afdet na gaba. Abun da ya ɗan sanyaya min rai shi ne ita PDF ɗin kanta ba ta mutum ɗaya ba ce yanzu, tun 1993 take amma a 2008 ta zama ma'aunin ISO, hukumar ma'aunai ta duniya, da kowa zai iya gina manhajarsa a kai, shi ya sa Chrome da Edge da Firefox duk suna buɗe ta, akwai SumatraPDF mara nauyi don karatu kawai, LibreOffice Draw ma yana ɗan taɓa gyara in takardar ba mai rikici ba ce. Na sauke biyu daga ciki a kwamfutar tsakiya ina koya wa hannuna a hankali in babu kwastoma.

Hajiya dai ta samu malamin nata, a bakin mota ta tare shi, ta dawo da yamma a gyara shafin godiya saboda an rubuta sunan mijinta ba daidai ba. Kwamfutar da na mayar tsohuwar fuska tana hannun wani, dole na zauna a ta yaron, wadda ya roƙe ni in bar masa a sabuwa. Hannuna ya sake tafiya hagu. Yaron na tsaye a kaina yana cewa "Dama, Oga, dama."