Takardun ma'arad a Jidda, da ranar da na kasa ba Kawu sunana

Jiya bayan la'asar wani yaron unguwarmu ya biyo ni ma'arad, wato wajen sayar da motocina, ya tsaya yana kallon takardun da na maƙala a bango, can sai yace Yaya wai nawa ake kashewa a samo waɗannan? Nace masa zauna tukuna ka sha shayi, kuɗin ba shi ne farkon maganar ba. Tunda na buɗe wajen nan kusan kullum sai wani ɗan uwa Bahaushe ya yi min wannan tambayar, wani a masallaci wani a WhatsApp, shi yasa nace bari in rubuta sau ɗaya.

Ni dai a nan Jidda aka haife ni, kakana na wajen uba a ƙasa ya tako daga Kano ta Sudan ya ƙetaro teku ya zo aikin hajji bai koma ba, ta nan muka samu takardar zama ƴan ƙasa. Umma kuwa ƴar Kano ce aure ya kawo ta, ita ta hana Hausa ɓacewa a bakinmu. Na faɗi wannan ne don duk abin da zan lissafa a ƙasa da katin ɗan ƙasa na yi shi, kar wani mai igama, wato baƙo mai takardar izinin zama, ya karanta ya ɗauka gobe shima zai shiga intanet ya cire nasa haka nan.

Shekara da shekaru ina dillancin mota a haraj, wato kasuwar gwanjon motoci, in sayi Camry ko Hilux a hannun mai buƙatar kuɗi, in wanke in gyara ƴan abubuwa in sa a Haraj na intanet in sayar, irin mu ne Larabawa ke kira shariɗiyya. Ana samu alhamdulillah, amma duk cinikin da ka yi sai ka kai shi ma'arad ɗin wani ya rubuta takardar ciniki ya ci kuɗinsa, kai da ka sha rana kana tsaye a bakin ƙofa. Wannan tsayuwar ce ta ishe ni.

Abu na farko sijil, wato rajistar kasuwanci daga ma'aikatar ciniki. Wannan wallahi shi yafi komai sauƙi, a waya na yi shi ina zaune a falo, ka zaɓi suna, ka zaɓi sana'ar, kuma a nan a kula sosai a zaɓi sayar da motoci na hannu ba wani abu mai kama da shi ba, don duk takardun da za su biyo baya da wannan layin za su yi aiki. Sauƙinsa ne ma ke ruɗar mutane, mutum ya ga sijil a hannu sai ya ɗauka ya gama.

Ni ma ya ruɗe ni. Da ɗokin sijil na je na ga wani fili a gefen babban titi, ga faɗi ga wucewar jama'a, mai wajen yace akwai mutum biyu a bayana suna so, ban yi wata-wata ba na ajiye arbun, wato kuɗin kafin alƙalami. Sai da na zo neman lasisin baladiya, wato hukumar gari, ta manhajar Balady na sa wurin a taswira na gane ba a yarda a yi wannan sana'ar a nan ba. Ma'arad ba kantin kayan miya bane da za ka buɗe a duk inda ka ga ƙofa, akwai wuraren da aka ware masa, shi yasa a Jidda za ka ga an tara su a Jauhara can kudu, a Riyad kuma a Shifa da Ƙadisiyya. Arbun ɗina bai dawo ba. Na yi kwanaki ina jin zafin kuɗin nan domin guminsa na sani, ribar motoci da yawa ce. Dan Allah duk wanda zai shiga harkar nan ya fara duba ko wurin ya halatta kafin ya miƙa ko riyal ɗaya, sannan yarjejeniyar haya a yi ta a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, ba takardar hannu da shaidu biyu ba irin yadda muka saba tsakaninmu.

Bayan na samu wuri a inda ya dace sai maganar Difa'ul Madani, masu kashe gobara, su kuma ruwansu da tukwanen kashe wuta da ƙararrawa da hanyar fita, kuma gaskiyarsu ne, fili cike da motoci kowacce da fetur a cikinta ga zafin Jidda. Sai babban, wato Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci. Dokar hanya ta ƙasar nan ta faɗa ƙarara ba a buɗe wajen sayar da motoci sai da izinin hukumar Murur, kuma sai bayan ka mallaki sijil. Da wannan izinin ne ake haɗa ka da tsarin Tamm inda za ka riƙa juya mallakar mota daga sunan mai sayarwa zuwa na mai saye. Ranar da na fara juya istimara, wato takardar rajistar mota, da hannuna a kwamfutar ofis ɗina, ba a ma'arad ɗin wani ba, sai da na yi sujjadar godiya.

Kuma izinin nan amana ce. Motar da aka sayar ba ta fita daga ƙofa sai an gama juya sunan, haka doka tace. Sau nawa ɗan uwa zai ce haba ɗan Hajiya, ba ni makullin in kai iyali Makka gobe na dawo mu ƙarasa. Ba na bayarwa. In kyamarar Sahir mai kama masu laifin hanya ta ɗauke shi ko Allah ya kiyaye ya buge wani, sunan tsohon mai motar ne a kai, ni kuma ni na buɗe ƙofar. Sai istimara na da rai, fahas, wato takardar gwajin lafiyar mota, na da rai, mai saye ya yi inshora da sunansa, an biya tarar da ke kai, sannan a yi sallama.

Haraji ma a san da shi. Harajin ciniki ya koma kashi 15 tun Yulin 2020, kuma in cinikinka na shekara ya haura riyal 375,000 rajista dole ce, a harkar mota kuwa guda nawa za ka sayar ka wuce wannan? Abin da ya kawo mana sauƙi shi ne tsarin da hukumar zakka da haraji ta fara a Yulin 2023, na lissafa harajin a kan ribar motar hannu. Misali ka sayi mota a hannun mutum 40,000 ka sayar 44,000, a kan dubu huɗun nan harajin zai hau, ba a kan kuɗin motar duka ba. Amma sai mai lasisi ne ke cin wannan moriyar, kuma sai ka nemi amincewarsu.

To yanzu maganar da ta sa ni rubutun nan tun farko.

Kawuna, ƙanin Umma, ya fi shekara talatin a ƙasar nan da igama. Shi ya fara kai ni haraj ina yaro, shi ya koya min in sa hannu a ƙasan ƙofa in gane motar da aka yi wa fenti, in saurari inji in san wanda ya sha wahala, abin da ya sani a mota ni har yau ban kai rabinsa ba. Da ya ji na samu takardu sai ya zo gida da daddare, bayan an ci tuwo yace ɗana, ina da ɗan abin da na tara, ka buɗe min wani da sunanka, ni zan riƙe komai, duk wata in ba ka wani abu. Na sunkuyar da kai na daɗe ban ce komai ba, don ban taɓa ce masa a'a ba a rayuwata.

Abin da ya nema sunansa tasattur, kuma ba ƙaramin laifi bane a nan. Dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, a rufe wajen, a ƙwace abin da aka samu, baƙon kuma a fitar da shi daga ƙasar. An ba da lokacin gyara ga masu irin wannan har zuwa Fabrairun 2022, ya wuce. Amma wallahi ba tsoron tarar ne ya fi damuna ba. Nace Kawu, in na mutu gobe fa? Duk motar da ke filin nan a takarda tawa ce, magadana za su raba, kai ba ka da ko layi ɗaya da za ka nuna wa alƙali, in ka je kai ƙara ma kanka ka fara tonawa. Mu da muka tashi a nan mun sha ganin dattijo ya kwashe ƙuruciyarsa yana gina shago da sunan wani, rana ɗaya a canza kwaɗo ya koma gida da jakar kaya kawai. Ba zan iya zama ni ne mai riƙe da wuyan gumin Kawu haka ba, ko da niyyata mai kyau ce, zuciya tana canzawa kuma ƴaƴa ba iyayensu bane.

Hanyar halal ga baƙo tana nan, ta ma'aikatar zuba jari ce, sai dai jarin da take nema a harkar saye da sayarwa ya fi ƙarfin irin su Kawu nesa ba kusa ba. Ga kuma batun ba ƴan ƙasa aiki, tun Satumbar 2018 wuraren sayar da motoci suka shiga jerin sana'o'in da aka ce yawancin masu sayarwa su zama ƴan ƙasa. Wannan yana min ciwo, mutumin da ya fi kowa sanin aikin shi ne takarda ta bari a waje, amma ciwon ba zai sa in jefa shi cikin abin da ya fi wannan muni ba.

Ya tashi ya tafi ko sallamar kirki bai yi ba. Wata biyu baya ɗaga wayata, Umma ma sai da ta yi min faɗa tace ka kunyata ɗan uwana a gidana, na ba ta haƙuri na sake yi mata bayani a hankali. Kuɗin nasa daga baya ya tura Kano aka saya masa fili da sunansa, takardar tana hannun babban ɗansa.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci sai ga shi a ma'arad, bai ce min komai a kan waccan maganar ba, ya zagaya wata Accent da na saya ranar Laraba, ya durƙusa ya leƙa ƙasanta, ya shafa gefen ƙofar baya, ya ɗago yace wannan ta sha ruwa, nawa ka biya? Na faɗa masa. Ya girgiza kai yace gobe in za ka je haraj ka biyo ka ɗauke ni.