Tambayar da ban yi mata ba

Jibi zan miƙa mabuɗin ɗakin gwajin HIV, bayan shekara shida ina aiki da mata masu zaman kansu. An ce in bar wa masu zuwa 'yan kalmomi. To ga su, ko da ba irin waɗanda shugabarmu take so ba ne.

A shekarata ta biyu, wata yarinya ta shigo da yammacin Juma'a ana shirin tashi. Ba ta wuce ashirin ba, sabuwar shiga ce. Ta ce, "Anti, gwaji nake so." Na soki yatsarta, muka jira, layi ɗaya ya fito. Na ce mata babu komai, na cika mata jaka da kwaroron roba, na karanto mata wa'azin da na haddace. Leɓenta a kumbure yake. Na gani da idona, amma hankalina yana kan rajista, saura mutum uku in cika adadin mako.

Bayan wata uku ta dawo, layi biyu, wato ta kamu. Sai a ranar ta gaya mini cewa daren Alhamis ɗin nan wani ya biya, da suka shiga ɗaki ya ƙi sa roba, ta yi gardama, ya doke ta ya yi abin da ya ga dama. Ke nan lokacin da take zaune a gabana ko kwana ɗaya ba a yi ba. Maganin PEP kuwa, wanda ake sha bayan an shiga haɗari don hana kamuwa da HIV, yana cikin kabad a bayana. Cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Na kuma sani sarai cewa gwajin yatsa ba ya ganin HIV da aka ɗauka jiya, yakan kai wata uku kafin ya nuna. Ba rashin sani ba ne ya ci ni. Ban dai ce mata "me ya kawo ki yau?" ba.

Abokan aiki sun sha cewa ba lallai a daren ta ɗauka ba. Gaskiya ne, amma bai taɓa sanyaya mini rai ba. Shugaba kuwa ta duba rahoto ta ce adadina ya yi kyau.

Tun daga nan na daina ɗaukar matan nan a matsayin waɗanda ba su san amfanin roba ba. Sun fi ni sani. Abin da ke jefa su cikin haɗari yana wajen ɗakin gwaji: bashin magajiya, kuɗin ɗaki da ake jira da safe, namijin da zai ninka kuɗi idan an yarda babu roba, duka, da tsoron kamu. Inda 'yan sanda ke ɗaukar roba a jaka a matsayin shaidar laifi, wace ce za ta yi yawo da ita? Kuma wadda aka yi wa fyaɗe, wa za ta kai wa ƙara? Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2014 ya ƙiyasta cewa daina hukunta sana'ar zai iya rage sabbin kamuwa tsakanin matan da masu zuwa wurinsu da kashi 33 zuwa 46 cikin ɗari a shekara goma. Ko mutum bai yarda da shawarar ba, lissafin ya nuna inda gizo ke saƙa.

Sauran a taƙaice. Ku tambayi batun saurayi, don da shi aka fi ajiye roba, wai alamar yarda. Giya da ƙwaya suna kashe ciniki kan roba tun kafin a fara. Ciwon sanyi yakan zauna a jikin mace shiru, gyambon tunjere kuma ƙofa ce ga HIV, saboda haka kada ku jira sai ta yi ƙorafi. Man shafawa yana fasa roba. Ku yi zancen PrEP, maganin rigakafin HIV da ake fara amfani da shi tun kafin a shiga haɗari, da kowace sabuwa, ba sai ta tambaya ba.

Yarinyar tana shan magani, ƙwayar cutar ba ta ma fitowa a awon jininta yanzu, kuma ita ke rako mana sababbi. Tambayar nan shekara huɗu ke nan ina rubuta ta da biro a saman kowane fom. Sau uku ana sake buga fom ɗin, ba a saka ta ba. Biron yana aljihun tebur na hagu.