Kilomita 38 da ban san yadda na wuce su ba

Sha ɗaya saura na dare. Ina ɗakin masauki, ƙafata ta dama har yanzu ji take kamar tana kan totur. Na so in kwanta ban rubuta komai ba, amma abin ya tsaya min a rai.

Safiyar ta yi daɗi ƙwarai. Huɗu da rabi na tashi, na duba baƙin mai da ruwan lagireto tun inji na da sanyi, na auna iskar tayoyi har da safaya, kamar yadda Yaya ya yi ta nanatawa a waya daren jiya. Da shi ya kamata mu raba tuƙin, amma bai samu zuwa ba. Ƙarfe biyar na ɗauki hanya. Titi fayau, sai fitilun manyan motoci jefi-jefi. Wanda bai taɓa doguwar tafiya shi kaɗai ba, ba zai gane wannan daɗin ba. Ba mai cewa ka rage gudu, ba mai cewa a tsaya, ba mai taɓa maka rediyo. Na yi waƙa da ƙarfi, na yi hira da kaina, har rigimar wurin aikin nan da ta hana ni sakat tun makon jiya na warware ta a zuci, na san abin da zan faɗa ranar Litinin.

Shan mai sau biyu. Kiran uwargida sau ɗaya, ina tsaye. Auta ya karɓe wayar yana tambaya ko na ga giwa.

Bayan azahar ne abin ya faru. Hanya ta miƙe sambal, ba kwana ba gari, rana na dukan gilashi, ƙarar taya iri ɗaya ba ta canzawa. Na tuna na yi hamma biyu a jere, na sauke gilashi, na ƙara muryar rediyo. Na tuna na kalli mita, ta nuna kilomita 562. Abu na gaba da na sani shi ne ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin mota, sitiyari na karkarwa a hannuna, tayoyin gefe sun bar kwalta. Allah ya taimake ni ban fizgi sitiyarin ba, na ɗaga ƙafa na dawo da ita a hankali. Da na sake duba mita, 600 cif.

A cikin waɗannan kilomita 38 akwai doguwar gadar nan da na yi wa Auta alkawarin zan ba shi labarin ruwanta. Ban san na haye ta ba.

Gidan man farko da na gani na shiga, na faka can gefe inda manyan motoci ke tsayawa. Ina tsaye ina zuba wa fuskata ruwan gora sai ga wata tirela ta shigo, ta saki iskar birki. Wani dattijo ya sauko, siriri, gemu fari fat, yana ɗan ɗingishi irin na wanda ya daɗe a zaune. Kai tsaye wurina ya nufo.

"Samari, sannu da hanya."

"Yauwa Baba, sannunmu."

"Ruwa ba ya wanke barci."

Na ce, "Ba barci nake ji ba, Baba. Zafi ne."

Ya dube ni, bai ce uffan ba. Can ya ce, "Kafin gada ka wuce ni, ba sigina. Da ka shiga gabana sai gudunka ya fara hawa yana sauka. Ka taka layin tsakiya ka dawo, ka sake takawa ka dawo. Sau uku na danna maka ham. Na kunna maka fitila. Da na ga ba ka ji, sai na ja baya na ba ka fili, na kunna sigina biyu don kada na bayana su kutso tsakaninmu. A kan gadar nan, ɗana, ban daina addu'a ba sai da ka sauka."

Abin da ya fara zo min haushi ne, kuma wannan ne yake cin raina yanzu. Mutum ya bi ni kusan rabin awa da mota mai nauyin kaya yana tsaron rayuwata, ni kuwa abin da ke kaina shi ne yadda zan nuna masa na iya tuƙi. Har na buɗe baki zan ce shekarata goma sha biyu da lasisi. Sai na ga hannunsa, yana riƙe da makulli, yatsun na ɗan rawa. Ashe shi ma ya tsorata.

"Ƙarfe nawa ka kwanta jiya?"

"Sha biyu ta gota."

"Ka tashi fa?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai. "Tun ba a haife ka ba nake kan sitiyari. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Wanda ke tare da abokin tafiya, abokin zai ga kansa na rinjaya ya taɓa shi. Kai wa ke kallon fuskarka?"

Ban da amsa. Ya tambaya ko ina da kofi, na ce akwai a fulas. Ya ce in sha yanzu, in kwantar da kujera nan take, in rufe ido, yaronsa zai tashe ni bayan minti ashirin. Na ce kofi ai hana barci yake yi. Ya ce, "Sai ya ɗan jima kafin ya kama jiki. Kafin nan ka rage bashi." Na yi yadda ya ce. Ban san lokacin da na tafi ba. Ƙwanƙwasa gilashi na ji, yaron motar ne, yana nuna min agogon hannunsa. Kafin in gyara kujera in fito, tirelar ta riga ta hau titi. Ban tambayi sunansa ba. Godiyar ma da na yi masa tun farko, da rabin baki na yi ta.

Kilomita 200 na ƙara, da hutu a tsakani. Da rana ta faɗi na nemi masauki, ko da yake shirina tun asali in isa yau ɗin nan wajen goman dare.

Tun da na shigo ɗaki nake karance-karance a waya. Abin da ya same ni kashi biyu ne. Akwai halin da hannu ke tuƙi, ido a buɗe, amma ƙwaƙwalwa ta daina ajiye abin da take gani, yawanci a miƙaƙƙiyar hanya. Sannan akwai ɗan gyangyaɗin da ba ya wuce 'yan daƙiƙu, wanda mai yin sa sau da yawa bai ma san ya yi ba. Na ɗauki biro na yi lissafi a bayan rasiɗin mai: a gudun kilomita 90 a awa, mota na cin mita 25 kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu, mita 100 ke nan, kusan tsawon filin ƙwallo, ba kowa a kan sitiyari. Kuma lokacin da ya kama ni, tsakanin biyu da huɗu na rana, dama lokaci ne da jiki ke yin sanyi ko da mutum ya yi barci isasshe. Sauke gilashi da ƙure rediyo da na dogara da su, amfaninsu na ɗan lokaci ne kawai.

Wanda ya fi tsaya min shi ne binciken da aka yi a Ostireliya a 1997. Sun gano cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, kuzarinsa na raguwa daidai da na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa direba. Daga huɗu da rabi na asuba zuwa goman dare awa 17 da rabi ne. Ni da ko a mafarki ba zan yarda mashayi ya tuƙa 'ya'yana ba, haka na tsara wa kaina tafiya. A Tarayyar Turai doka ta tilasta wa direban babbar mota hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma a ƙa'ida ba ya wuce awa 9 a rana. Waɗannan masu sana'ar ke nan. Ni na ɗora wa kaina kusan awa 15 don kawai kada in kwana a hanya.

Uwargida ta kira bayan isha'i. Ta ce yaya hanya, me ya sa na tsaya. Na ce lafiya lau, gajiya ce kawai. Sau biyu ke nan a yini ɗaya ina ɓoye abu guda, na farko ga wanda ya gani da idonsa, na biyu ga wadda da ita za a fara kira da abin ya zo da ƙarar kwana. Na ce wa kaina don kada hankalinta ya tashi ne. Ba shi kaɗai ba ne. Ba na so ta ce dama ta faɗa, don ta faɗa ɗin, tun ranar da Yaya ya ce ba zai samu zuwa ba.

Ɗazu saƙonta ya shigo: "Muryarka ba daidai take ba." Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge.

Saura kilomita 340. Na sa agogo ƙarfe bakwai. Kafin in tada mota zan kira ta, in fara mata daga gadar.